Birin gardi da birin Harlow

Wanda ya taɓa ganin gardi yana wasa da biri a kasuwar Kazaure ko Babura ya san wuyar da dabbar ke sha. Masu binciken halayyar ɗan Adam ma sun gasa wa biri gyaɗa a hannu. A 1958 Harry Harlow na Jami'ar Wiskonsin, Amurka, ya bayyana gwajinsa: ya raba jariran birai da iyayensu, ya ajiye musu uwar bogi ta waya mai madara da wata ta tsumma. Ta tsumma suka rungume. Wace ungozoma ce a Roni ko Gwiwa ba ta san jinjiri na neman ɗumin jiki ba? Gwajin ya gyara tunanin likitoci, amma zalunci ne: biran da aka keɓe sun girma suna cizon kansu.