Tsofaffin Kalmomin Iyaka da Maƙura a Harshen Italiyanci



Maƙasudin wannan lacca shi ne duba waɗansu tsofaffin kalmomin Italiyanci masu nuna iyaka, da gefe, da maƙurar abu. Galibinsu suna cikin Commedia, doguwar waƙar nan mai babi 100 ta Dante Alighieri, mutumin birnin Fulorans, wanda ya rayu daga 1265 zuwa 1321.

Kalma ta farko ita ce stremo. Asalinta extremus na Latin ne, watau abin da ya fi kowane nisa daga tsakiya. Dante ya yi amfani da ita da ma'anar ƙarshen wuri ko bakinsa. A yau estremo ta maye gurbinta, amma ba ta mutu sarai ba, domin akan ji ta idan ana nufin ƙarfin mutum ya kai maƙura. 'Yar'uwarta sezzaio, watau na ƙarshe, ita kam ta kwanta dama, ultimo ce ta gaje ta. Haka kuma imo, mafi ƙasa, ta koma bakin mawaƙa kawai, alhali kishiyarta sommo, mafi bisa, tana nan da ranta.

Kalma ta biyu, vivagno, daga masaƙa ta fito. Ma'anarta gefen ƙyalle wanda aka saƙa don kada zare ya warware. Ba abin mamaki ba ne, tun da yake arzikin Fulorans a zamanin Dante ya dogara ƙwarai a kan sana'ar ulu. Mawaƙin ya ɗauke ta ya ba gefen hanya da bakin tudu. A babi na 9 na Paradiso kuwa, gefen shafin littafi yake nufi da ita, inda ya zargi malaman coci da cewa sun bar Linjila sun duƙufa kan littattafan dokoki, har alamar hakan ta bayyana a gefen shafukan.

Ta uku ita ce riguardi, kuma ita ce ta fi saurin ɓad da mai karatu. Ba'italiye na yau ya san ta da ma'anar kulawa ko girmamawa. Amma a babi na 26 na Inferno tana nufin alamun iyaka, watau ginshiƙan da aka ce Hakilis ya kafa a mashigin Jibralta domin kada ɗan Adam ya wuce su. Yulisis ya ƙetare su don kwaɗayin sani, ya yi wata 5 bisa teku, daga bisani guguwa ta nutsar da jirginsa. Wanda bai san tsohuwar ma'anar ba, ba zai gane cewa laifin Yulisis ƙetare haddi ne ba.

Abin da ya hana waɗannan kalmomi salwanta shi ne aikin ƙamus. A 1583 aka kafa Accademia della Crusca a Fulorans. Crusca tana nufin dusa, domin aikin ƙungiyar shi ne tankaɗe harshe, a raba gari da dusa. Ƙamusunta na farko ya fito a 1612, an kuma kafa hujjar kalmominsa da rubuce-rubucen magabata irin su Dante.

A taƙaice, kalma takan mutu, ko ta maƙale cikin magana guda, ko ta rayu da sabuwar ma'ana. Wannan ta ƙarshen ita ce mafi haɗari, domin mai karatu yakan zaci ya fahimta, bai kuwa fahimta ba. Maganinta ƙamus mai ajiye kowace ma'ana tare da zamaninta.

Allah ya ƙara mana sani. Wassalam.