Abin Da Na Gani A Tsohon Garin Nofgorod Na Ƙasar Rasha

Wannan shi ne jawabin da wani malami ya yi wa ɗaliban ajin manya bayan ya dawo daga tafiya. Mun kawo muku shi kamar yadda ya faɗa.

Tun da na dawo kuke tambayata, "Malam, me ka gano a Rasha?" To, yau ga amsa.

Rasha tana can arewa da mu, nesa ƙwarai. Duk duniya babu ƙasar da ta kai ta faɗi. Babban birninta shi ne Mosko, kuma nan jirginmu ya sauka. Akwai wani babban fili a tsakiyar birnin, kusa da fadar gwamnati. A bakin filin akwai tsohuwar majami'a mai ƙubbobi launi-launi. An gina ta daga 1555 zuwa 1561, zamanin Sarki Iban na Huɗu. Ta ƙayatar da ni. Amma abin da ya fi tsaya mini a rai yana wani gari dabam.

Daga Mosko muka shiga jirgin ƙasa da dare. Da gari ya waye sai ga mu a Nofgorod, ɗaya daga cikin garuruwa mafi tsufa a ƙasar. Littattafan tarihinsu sun ambaci sunansa tun a labarin shekarar 859. Garin yana bakin wani kogi mai suna Bolhof. A watan Yuni muka je. A lokacin rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe 10 na dare. Ranar farko sai da na yi ta duba agogo kafin in yi sallar magariba.

Tsohon garin yana da ganuwa, kamar yadda Kano da Zariya suke da ita, sai dai tasu ta jan bulo ce. A cikin ganuwar akwai majami'ar Sofiya, wadda aka gina daga 1045 zuwa 1050. Ta kusa shekara 1,000 ke nan, kuma tana nan tsaye. Garin ya sha wuya. A yaƙin duniya na biyu sojan Jamus sun riƙe shi daga 1941 zuwa 1944. Da suka fita, yawancin gidaje sun zama kango. Mutanen garin suka dawo, suka sake gina shi.

Daga nan aka shigar da mu gidan ajiye kayan tarihi. Na zaci zan ga takubban sarakuna ne kawai. Sai mai yi mana jagora ta kai mu gaban wasu guntayen ɓawon itace. Na ce a raina, wannan ai makamashi ne. Ta ce, "Matso ka duba." Da na matsa sai na ga rubutu a jiki.

Ga yadda abin yake. A zamanin dā takarda ba ta wadata a wurinsu ba. Suna da wani itace mai farin ɓawo, suna kiransa biriyoza. Sai su ɓare ɓawon, su gyara shi. Ba su sa tawada. Da tsinken ƙarfe ko na ƙashi suke karta baƙaƙe a kai. In mutum ya gama karantawa, yakan jefar. Ƙasar garin tana da damshi, iska ba ta shiga, shi ya sa ɓawon bai ruɓe ba.

Ranar 26 ga Yuli, 1951, masu tonon kayan tarihi suka sami wasiƙa ta farko. Wata ma'aikaciya mai suna Nina Akuloba ce ta tsinto ta. Daga lokacin zuwa yanzu an tono fiye da 1,000 a garin.

Su wa suka rubuta su? Ba manya kaɗai ba. Akwai fatake, akwai masu sana'a, akwai matan aure. Wani yana lissafin masu bashinsa. Wasu manoma suna kai kuka ga mai ƙasa. Wani magidanci ya manta rigarsa a gida, ya rubuta wa matarsa ta aiko masa. Har da wani saurayi da ya nemi aure a kan ɓawon itace!

Sai kuma aikin wani yaro mai suna Onfim. Ya rayu shekaru fiye da 700 da suka wuce. Masana suna ganin bai wuce shekara 6 ko 7 ba. Yana koyon baƙaƙe ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda muke yi a kan allo. In ya gaji sai ya koma zane. Ya zana kansa bisa doki yana sukar abokin gaba da mashi, ya rubuta sunansa a gefe. Hannunsa bai miƙe ba, amma ga shi har yau ana karanta shi.

Ina tsaye a nan sai na tuna da gonar kakana. Ya ba da ita jingina a shekarar yunwa. Da baki aka yi magana, gaban shaidu biyu. Shaidun suka rasu, shi ma ya rasu. Da babanmu ya kai kuɗi, aka ce masa sayarwa aka yi. Babu takarda, babu shaida. Har yau gonar ba ta dawo ba. Na ce da a ce kakana ya karta layi biyu, ko a kan ɓawon itace ne, da ba haka ba.

Saboda haka, 'yan uwa, ga tsarabata. In kun ba da bashi, ku rubuta. In kun ba da jingina, ku rubuta, ku sa kwanan wata, shaidu su sa hannu. Kada wani ya ce rubutunsa ba shi da kyau. Na Onfim ma a karkace yake.

Allah Ya ba mu damina mai albarka.