Daga Majigi Zuwa Aji: Jawabi Ga Ɗaliban Aikin Jarida



Tun da a Kinkinau muka taru, ya kyautu mu tuna cewa garin nan namu na Kaduna ba baƙo ba ne ga sana'ar fim. A zamanin Gwamnatin Jihar Arewa, motocin majigi kan shiga birni da ƙauye, a kafa farin ƙyalle a ƙofar fada bayan magariba, mai bayani yana fassara wa jama'a da Hausa. Ta haka Baban Larai ya koya wa manoma noman auduga. A cikin wannan aiki ne Alhaji Adamu Halilu ya goge, har ya shirya Shehu Umar a 1976, daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa. Gidan Rediyo da Talabijin na Kaduna kuwa tun 1962 aka buɗe shi.

Amma majigi, duk da alherinsa, bakin hukuma ne. Ita ke magana, talaka na zaune a ƙasa yana kallo.

Yau sana'ar ta shiga aji. Ana koyar da aikin jarida a Jami'ar Ahmadu Bello da ta Bayero, da Jami'ar Jihar Kaduna wadda aka kafa a 2004, da Kwalejin Kimiyya da Fasaha da ke maƙwabtaka da mu, ga kuma makarantar koyon fim a Jos. Abin da ke damunmu shi ne, da yawa cikinmu burinmu bai wuce karanta labarai a talabijin ko shirya fim ɗin soyayya ba. Fim na zahiri, wanda ake ɗaukar mutane da ainihin rayuwarsu ba tare da 'yan wasa ba, mun bar wa Turawa, su zo su ɗauka, mu kuma mu kalla.

Ga misali a ƙofar gidanmu. Masaƙar Kaduna da ke Kakuri ta fara aiki a 1957, ta tsaya a 2002. Dubban magidanta suka ci abinci a masaƙun nan, kuma waɗanda suka rage cikinsu tsofaffi ne. Takardun kamfani dai wataƙila mai bincike ya dace da su a Gidan Arewa ko ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa. To, yadda aka yi aikin dare, da yadda aka yi yajin aiki, da halin da iyali suka shiga ran da aka rufe ƙofa, wa ya ɗauka? Haka tsofaffin ma'aikatan reluwe.

Kada mu fake da rashin kayan aiki; wayar da ke aljihunmu ta wadatar a fara. Abin da aji zai ba mu shi ne ladabin aikin: neman izinin dattijo kafin a kunna na'ura, haƙurin saurare, bin diddigin kowace shekara da ya ambata, da tsoron Allah wajen yanka da haɗawa, don kada a sa masa maganar da bai faɗa ba.

Saboda haka muna roƙon shugabannin sassan nan su yarda ɗalibin shekarar ƙarshe ya miƙa fim na minti 20 da Hausa a matsayin kundinsa, a adana kwafi a laburare, a kuma koma unguwar da aka ɗauka a haska wa mutanenta.