Ɗaga Kan Babur: Inda Ake Koyonsa da Yadda Ake Koyonsa



Tun cikin watan Oktoba na 2006, sa'ad da hukumar Birnin Tarayya ta hana acaɓa a tsakiyar Abuja, babura suka tattaru a garuruwan gefe, kamar Jiwa da Gwagwa da Karmo da Dei-Dei. A nan babur shi ne abin hawan ɗan makaranta da mai zuwa kasuwa da mai neman asibiti. Amma kuma akan ga waɗansu samari, musamman ranar rakiyar amarya ko ranar Salla, suna ɗaga kan babur, su karkata shi bisa tayar baya a tsakiyar mutane. Sun gani a waya, suna kwaikwayo, alhali ba su san tushen abin ba.

Ana yinsa a wani wasa mai ƙa'ida da ake kira tirayal. An fara babbar gasarsa ta kwana shida a ƙasar Skotland a 1909, aka kuma kafa gasar duniya a 1975. A wannan wasa ba gudu ake dubawa ba. Mahayi yakan bi ta kan duwatsu da kwazazzabai cikin fili da aka keɓe, in ya sa ƙafa ƙasa a rubuta masa laifi ɗaya, in ya faɗi a rubuta biyar. Wanda laifinsa ya fi kaɗan shi ne zakara. Toni Bou, mutumin ƙasar Sifen, ya ci gasar duniya kowace shekara daga 2007 har 2024, kuma natsuwa ce makaminsa.

Shi kansa babur ɗin daban ne. Nauyinsa kamar kilo 70 ne, ba shi da sirdi, watau a tsaye ake tuƙa shi, tayoyinsa kuwa masu laushi ne, ana rage musu iska don su kama ƙasa. Babur ɗin haya ya wuce kilo 100, an ƙera shi ne domin ɗaukar mutum da kaya.

Koyon kuwa daki-daki ne. Da farko mai koyo zai iya tsayuwa bisa matakai yana tafiya kamar tafiyar ƙafa. Bayan haka ya koyi kewaya ƙaramin da'ira dama da hagu ba tare da taka ƙasa ba. Sa'an nan ya koyi ɗaga kai kaɗan: ya durƙusar da gwiwa ya danne gaban babur, da gaban ya taso sai ya ƙara totur kaɗan, ya saki kuloci, ya mai da nauyinsa baya. Ƙafarsa ta dama ba ta barin birkin baya, domin shi ne ke sauko da kan babur in ya tashi fiye da kima. Juyawa ita ce ta ƙarshe. Mahayi yakan fara karya kwana kafin ya ɗaga, idonsa na kan inda yake so tayar gaba ta sauka, babur ya kwanta ciki, jikinsa ya rinjaya waje. Duk wannan a fili ake yinsa, da hular kwano da takalmi mai dogon wuya, a gaban wanda ya iya.

To, a dubi titin Jiwa. Ga yara, ga masu talla, ga manyan motoci masu ɗauko kayan gini daga kasuwar Dei-Dei. Muddin tayar gaba tana sama, birkin gaba ba shi da amfani, alhali kuwa shi ne ya fi tsai da babur. Yaro ɗaya ya gitta, sai ranar murna ta koma ranar makoki.

Saboda haka ana roƙon iyaye kada su ba yaron da bai kai shekara 18 ba makullin babur. Ana roƙon masu unguwanni da limamai da shugabannin 'yan acaɓa su tsawata tun kafin ranar biki. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta tilasta sa hular kwano tun 1 ga Janairu, 2009, a kiyaye. Saurayin da ke sha'awar wasan ya nemi fili da malami, ya bi matakan nan bi da bi. In bai samu ba, ya haƙura, da muguwar rawa gwamma ƙin tashi.

Allah Ya kiyaye hanya, amin.