Tallafi Bai Hana Sana'a Ba: Jawabin Ma'ajiyar Ƙungiya a Taron Cika Shekara

Iyayenmu, uwar ƙungiya, 'yan uwana mata na Karare, da mazajenmu da suka bar mu muka fito, sannunku da zuwa.

Lissafin asusu yana cikin takardar da ke hannunku, ba zan maimaita shi ba. Magana guda nake son mu yi, wadda ake yin ta a zaure da bakin rijiya amma ba a kawo ta taro. Akwai mata a cikinmu da, tun da sunansu ya shiga rajistar tallafi, suka kife kaskon awara, wasu kuma sai dare ya yi suke matsar man gyaɗa, wai kada jami'ai su ji suna da sana'a a cire su. Har 'ya'yanmu masu digiri sun ɗauki wannan tsoro.

To, mu duba yadda abin yake. Tallafin da aka fara a mulkin Buhari naira 5,000 ne a wata, ana haɗa na wata biyu a ba mace 10,000, kuma da kuɗin Abacha da ƙasar Suwizalan ta maido, dala miliyan 322, a ciki. Waɗanda suka karɓa za su tuna, jami'an da kansu suke cewa ku haɗa adashi, ku sayi akuya, ku ja jari. Shirin da ke koya miki adashi, ya za a yi ya kore ki don kin soya ƙuli-ƙuli?

Na N-Power ya ɗan bambanta, kuma nan ne nake son iyaye su buɗe kunne. An fara shi a 2016 don matasa marasa aiki, naira 30,000 a wata, amma da sharaɗin zuwa wurin aiki, makaranta ko asibiti. Abin da ke jawo matsala a lokacin biyu ne: mutum ya ƙi zuwa inda aka tura shi, ko a same shi yana cin wani albashin gwamnati ya ɓoye. Yarinyar da ta koyar da safe, da yamma ta yi ɗinki ko kitson biki, ba ta ci haƙƙin kowa ba. Wadda ta bar yara a aji ta tafi cin kasuwar Batsari, wannan kam ta ci amana, ko ba a kama ta ba.

Ko a Ingila, inda ake biyan marasa aiki duk wata, ba a hana su aikin da ya samu jefi-jefi. Sai dai ka faɗi abin da ka samu, a rage maka kwabo 55 a kowace fam. Su ma ƙarya suke hukuntawa.

Abin da ya fi damuna shi ne tallafi ba ya sallama idan zai tafi. Rukuni biyu na farkon N-Power an sallame su a 2020, shirin kansa aka dakatar da shi a Oktoban 2023. Naira 25,000 ta Tinubu kuwa tun farko wata uku aka ce. Mu da gonakinmu na wajen dajin Rugu suka sha gagarar mu saboda 'yan bindiga, idan muka kashe sana'ar cikin gida ma, me ya rage? Mai ciniki in ta zo sau biyu ba ta samu awararki ba, ta koma gidan maƙwabciya ke nan, dawo da ita sai an sha wuya.

Saboda haka idan masu rajista suka tambaye ki, faɗi gaskiya: ina kitso, ina dakau, wani mako a samu, wani mako babu. Kada ki ƙara, kada ki rage. Wadda aka ba ta takarda ba ta gane sharaɗin ba, ta kawo wa sakatariya ta karanta mata kafin ta dangwala hannu. Waɗanda suka ajiye sana'a kuma suna son komawa, ku same ni bayan an tashi, mu duba abin da asusun rance zai iya ɗauka kafin sabuwar gyaɗa ta shigo.