Ƙwayar Hana Gajiya a Gonakinmu

 Da damina ta kankama, daga Funtuwa zuwa Bakori, Kafur da Malumfashi, ɗan ƙwadago kan duƙa kan kunyar masara tun asuba. Wani sai ya jefa ƙwaya cikin shayi, wai don ya gama kadada kafin la'asar.

Ƙwayoyi irin su amfetamin suna tilasta wa jijiyoyin ƙwaƙwalwa kwararo da sinadarin dofamin, su kuma hana shi komawa ma'ajiyarsa. Nan take ido ya bushe, yunwa ta ɗauke, bugun zuciya ya ƙaru. Gajiyar kuwa tana nan, baki kawai aka toshe mata. Da ƙwayar ta saki mutum sai kasala da ƙunci, gobe kuma ƙwaya ɗaya ba ta isarsa. Idan rashin barci ya yi tsawo, har muryoyi yakan ji, ya riƙa zargin kowa.

Rahoton 2018 na ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, UNODC, ya ƙiyasta 'yan Najeriya miliyan 14.3 na ta'ammali da miyagun ƙwayoyi. Kamen hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta NDLEA kaɗai ba zai wadatar ba. Masu gona, ku rage jinga mai karya ƙashi, ku ba ma'aikata ruwa, fura da hutun azahar.