Me Muke Bincikawa Kafin Mu Ba Da Ɗiya?

  Yau zancenmu a kan wasan kwaikwayo ne. To kada wata ta ce ai wasa ne, ta tashi ta koma gindin murhu. Ku dakata, akwai magana.

Mu mata mun daɗe da sanin amfanin kwaikwayo. A wasan gauta, matan fada da kuyangi ne ke yin shigar sarki da waziri da alƙali, su kwaikwayi tafiyarsu da maganarsu. Ana dariya, manya kuwa na ganin aibinsu ba tare da an ci fuskar kowa ba.

Da boko ya zo, marubuta suka ɗora. Shu'aibu Maƙarfi ya fitar da Zamanin Nan Namu a 1959, sannan Jatau Na Kyallu a 1960. Jatau attajiri ne mai iyali, ya ɗauko Kyallu daga bariki ya kawo gida don ta cika masa ido. Bai tsaya ya duba halinta ba, ita ma abin hannunsa ta duba. Ƙarshe gida ya watse, dukiya ta bi ruwa.

To ashe ciwon ba namu ba ne mu kaɗai. A Ingila akwai wani shahararren wasan ban dariya na Oscar Wilde mai suna The Importance of Being Earnest, wanda aka fara nunawa a birnin Landan ranar 14 ga Fabrairu, 1895. Masu kuɗi da 'yan sarautar ƙasar ya yi wa shaguɓe. Wani saurayi, Jack, ya zo neman auren wata 'yar manya, Gwendolen. Ita yarinyar sunan Ernest kawai take so, sunan da ya ara ya yafa. Uwarta, Lady Bracknell, ta zaunar da shi, ta ɗauko takarda da fensir. Shekarunka nawa? Nawa kake samu a shekara? A wace unguwa gidanka yake? Yawancin amsoshin sun yi mata daɗi, sai da aka zo kan asali. Ya ce shi tsintacce ne, a cikin jakar hannu aka same shi yana jariri a tashar jirgin ƙasa ta Victoria. Nan take ta ce babu aure.

Ku ji abin dariyar. Wannan matar dai, da ɗan 'yar uwarta ya kawo wata yarinya, Cecily, sai ta yatsina fuska. Amma da ta ji yarinyar na da gadon fam 130,000, nan da nan ta ga kyawunta!

Yanzu tsakaninmu da Allah, 'yan uwa, mu nawa ne Lady Bracknell a gidajenmu? In an ce wane na son ɗiyarki, me kike fara tambaya? Ɗan gidan wa ne? Yana da mota ko mashin? Akwati nawa za a sa a lefe? Ke kuma ki ci bashi, ki sayar da akuya da gonar gado, don kayan ɗaki da gara, wai kada a raina ki. Biki ya watse, 'yan kallo su koma gida, a bar yarinya da mutumin da ba wanda ya san halinsa. Wata uku sai ga ta da takarda.

Bincike wajibi ne, asali ma ba abin yarwa ba ne. Amma a fara da abin da addini ya fara da shi, wato addinin mutum da halinsa. Yana salla? Mece ce sana'arsa, ko da noma ne ko su a gulbi? Su wa yake zama da su? Yaya yake da mahaifiyarsa? In ya taɓa aure, me ya raba su? A tambayi maƙwabta da abokan ciniki, ba 'yan kore da ya aiko ba. A je asibiti a yi gwajin jini, saboda sikila da sauran cututtuka. Sannan a kira yarinyar gefe a ji ta bakinta. Ku ma 'yan mata, kada a ruɗe ku da suna ko guga, an ce kyan ɗan maciji.

A wasan Turawan nan, daga ƙarshe an gano Jack ɗan dangi ne, aka yarda da aure, kowa ya tashi yana dariya. A rayuwa kuwa babu marubucin da zai gyara miki ƙarshen labari. Hali zanen dutse ne, tun kafin a shafa fatiha ake karanta shi.

Allah ya haɗa 'ya'yanmu da abokan zama nagari, amin. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.